Fuskar Auta a Jikin Bango

Rabon Dogo da matakalar gidan nan tun ranar da Baba Mai Agogo ya ce masa kada ya sake takawa. Yau ga shi yana hawa da majigi a kafaɗa, gumi na bin wuyansa, kamar jakin haya.

Ba zance ya kawo shi ba, aiki ne. Gari ya shirya bikin haske a babban dandali. An ce za a mai da bangon tsohon sito allo, a riƙa zuba masa furanni da kifaye da taurari na wuta, jama'a su taru su yi kallo. Duk zagayen dandalin kuwa, barandar benen Baba ce kaɗai ke fuskantar bangon sosai. Shi ya sa Manaja, wanda kamfaninsu ya ɗauki nauyin bikin, ya zo neman aron baranda. Ya zo neman baranda, ya ga Auta, ƙaramar 'yar Baba. Tun daga ranar bai sake rasa dalilin zuwa gidan ba.

Baba na zaune a falo da gilashin gyaran agogo manne a ido ɗaya. Dogo ya rusuna iyakar yadda kayan kafaɗarsa suka bar shi.

"Ina wuni, Baba."

Baba bai ɗago ba. "Bi ta gefe. Kada wayarka ta taɓa min kujera."

A kan kujerar da ake gudun a taɓa ɗin, Manaja ne a baje, takalminsa a kan darduma, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Turarensa ya cika falon, irin wanda ke zama a maƙogwaro kamar an lashi sabulu.

"A'a, ƙanena! Ashe kai aka turo mana?" Ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Baba, yaron nan gwani ne fa. In dai hawan tsani ne, ko biri sai ya sara masa."

Ya san ko wane ne Dogo. Duk unguwar ta san shi ke neman Auta.

Yaya ta fito daga kicin da tire, ta ajiye wa Manaja ruwa. Ita ce babbar 'yar Baba, kuma ita ce dalilin komai ba tare da ta yi laifin komai ba. Mijinta ma'aikacin wuta ne. Wata safiya ya hau turken lantarki da ƙafarsa, aka sauko da shi da igiya. Ranar da Yaya ta dawo gida da akwatinta Baba ya rantse ba zai sake ba mai taɓa waya 'yarsa ba, ko da shi ne autan maza. Ta kalli Dogo sau ɗaya, ta kalli naɗin wayar da ke rataye a hannunsa, ta kawar da kai.

Ya wuce baranda.

Daga nan sama ana ganin dandalin duka, kuma ganin bai yi masa daɗi ba. An kori masu tebura da masu faci, an kori tsohon da ke gyaran takalmi a gindin bishiya tun kafin a haifi Dogo. Babbar kwatar da ta ratsa dandalin ba a yashe ta ba, katako aka shimfiɗa a kanta, aka lulluɓe da jan kafet. Bangon siton an watsa masa farin fenti jiya-jiya, tsatsa da gansakuka na leƙowa ta ƙasa. An shafa wa gyambo hoda. Wari kuwa bai san da zaman biki ba, yana nan yana tasowa har bene.

Dogo ya tofar da yawu ta bayan ƙarfen barandar, ya kama aiki.

Ya kafa majigin, ya ɗaure ƙafafunsa, ya ja waya, ya haɗa da kwamfuta. Ya kunna fitilar don ta ɗauki zafi, a ga ko za ta jure daren. Saura gyaran launi.

Maigidansa ya koya musu wani abu tun suna sababbin shiga. Ya ce layukan gwaji za su nuna maka ko hoto ya karkace, amma ba za su gaya maka ja ya yi yawa ko kore ya rinjaya ba. Fuskar mutum ce ke faɗar wannan. Ka sa fuskar da ka sani sarai, in launi ya kauce ko kaɗan idonka zai ƙi ta. Kowa a shagonsu da tasa. Wani ta mahaifiyarsa, wani ta ɗansa. Dogo kuwa tasa ɗaya ce, kuma a ɗakin ajiyar shagon yake sa ta, ƙofa a rufe.

Hannunsa ya buɗe ta kafin ya yi shawara da shi.

Auta ce, tana dariya da dukan bakinta, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, hannu ɗaya ya taso zai kare fuska bai kai ba. Ya ɗauke ta ba ta shirya ba. Ya ɗaga kai ya dubi bangon. Babu komai. Ranar la'asar ta shanye hasken majigin tas, bango fari fat kamar ba a kunna komai ba.

"Ka rame."

Ƙwas, ya rufe murfin kwamfutar.

Auta na tsaye a bayan labulen ƙofar baranda, rabin fuskarta kawai ake gani. Falon ya yi shiru. Baba da Manaja sun sauka duba wurin zaman manyan baƙi, Yaya na tsaye a bakin matakala tana gadi.

"Me kake ɓoyewa?"

"Aiki ne."

"Aiki." Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Kai da aikin nan. Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni."

"Lafiya ba lau ba." Ta matso kaɗan. "Dogo, dangin Manaja za su zo neman aurena da an gama bikin nan."

Ya ci gaba da naɗe wayar da ba ta bukatar naɗi.

"Baba ya amsa?"

"Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce ba zai yi min dole ba. Amma in kai ne, sai bayan ransa. Ka ji irin zaɓin. An toshe ƙofa, an bar taga, an ce in fita ta inda nake so."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Kai ka ba ni abin faɗa?" Ta ƙura masa ido. "Sau nawa na roƙe ka? Ka bar wutar nan. Ka buɗe ɗan shago, ka sayar da ko ƙwan fitila ne, ko batir. Ni zan iya zama da kai a ɗaki ɗaya. In dai Baba zai ga ƙafarka a ƙasa, wallahi zai sauko."

"Abin da na iya ke nan."

"Mijin Yaya ma abin da ya iya ke nan."

Hawaye ya ziraro mata, ta share da bakin mayafi da ƙarfi, kamar haushinsa take ji.

"Ka san abin da ke tayar min da zuciya da mutumin nan? Ba tumbinsa ba, ba turarensa ba. Komai ya gani sai ya ɗauka a waya. Na kawo masa shayi, ya ɗauki hannuna da tiren, ya tura wa abokansa, ya rubuta wai kaya sun kusa isowa. Kaya, Dogo. A gabana yake karanta min abin da suke cewa, yana dariya, yana jira in ji daɗi. Ranar sai da na wanke hannuna har ya yi ja."

Dogo ya matse haƙora. "Ki bar ni da shi."

"Ka yi masa me? Ka ƙara wa Baba hujja?" Ta ja hanci. "Ni abin da ya sa har gobe nake ganin girmanka, ba ka taɓa mai da ni abin nunawa ba. Hoton nan da ka ɗauke ni ina dariya kamar wawuya, na ce ka goge, ka ce ka goge. Ban ko karɓi wayarka na duba ba. Na san ka."

Tafin hannunsa na kan murfin kwamfutar. Ya ji zafinta yana ratsa shi.

Ya buɗe baki. Wayarsa ta yi ƙara.

Maigida ne, yana ihu tun kafin a kai ta kunne. Jerin fitilun da aka rataya a can ƙarshen dandali sun ɗauke, baƙi sun kusa zuwa, yana ina, uban me yake yi a bene?

"Ana kira na."

"Kullum ana kiran ka." Ta saki labulen. Daga bayansa muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Ka kula da kanka a sama."

Ya waiwaya ya dubi bangon siton. Fari fat. Ya ɗauki filaya ya sauka da gudu.

*

Wani ne ya haɗa wayoyin da hannun hagu, ya naɗe su da leda maimakon tef. Dogo ya hau tsani yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana zagin wanda ya yi a zuci. Rana ta yi ƙasa bai lura ba. Dandali ya cika bai lura ba. Kansa na can wajen maganar dangin da za su zo.

Fito ya fara ji. Ɗaya, sai biyu, sai dandalin ya ɗauka.

Ya zaci manyan baƙi ne suka iso. Ya duba ƙasa, ya ga duk fuskoki sun juya gefe guda, hannuwa na ɗagawa sama da wayoyi. Ya bi su da kallo.

Bangon ba fari ba ne yanzu.

Duhun magariba ne ke fito da ita a hankali, kamar mai tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Goshi ya fara bayyana, sai idanu, sai haƙora. Tsawonta hawa uku. Gashinta a buɗe, wuyanta a buɗe, kowace ƙwayar ido ta fi tayar mota. Rufe murfi ba ya kashe majigi. Shi da kansa ya saita kwamfutar haka, don kada hoto ya ɗauke a tsakiyar biki.

Filayar ta suɓuce daga hannunsa.

Bangon bai yi mata adalci ba. Tsohon indararo ya ratsa ta daga ido zuwa haɓa, koren ruwa na ɗiga a kumatunta. Wata fasasshiyar taga ta faɗo daidai haƙorinta na gaba. Ƙwari sun ga haske sun yi dafifi, inuwarsu na yawo a leɓenta kamar ƙudaje a kan nama. A can ƙasa, daidai ƙarƙashin haɓarta, wani ƙato ya juya wa jama'a baya yana fitsari a jikin bangon, yana ɗaga kai yana kallo.

Dogo bai san yadda ya sauko ba.

"Kai, wannan ai 'yar Mai Agogo ce!"

"Wacce? Ƙaramar? Ashe haka take in ta cire mayafi!"

"Masu wuta, a ɗan sauke hoton ƙasa mana, mu ga saura!"

Aka kwashe da dariya. Wani saurayi ya tsaya ya turo baki, abokinsa na gyara masa tsayuwa don ya fito kamar yana sumbatar ta. Wata mata ta rufe wa ɗanta ido da hannu ɗaya, ɗaya hannun na ɗaukar hoto.

"Hanya! Ku ba ni hanya!"

Ba wanda ya ji shi. Ya kutsa da kafaɗa, ya ture wani, wani ya ture shi. Ya hau jan kafet don ya yanke hanya, katakon ya ce ɓaras, ƙafarsa ta dama ta nutse cikin kwata har gwiwa. Baƙin ruwa mai kauri ya fantsamo. Mutane suka dare suna toshe hanci. Ya zaro ƙafar, takalmin ya zauna a ciki, bai tsaya nema ba.

Lasifika ta yi ƙara, aka bubbuga makirfo.

"Jama'a! Jama'a, ku saurara!" Muryar Manaja ce, tana fitowa ta kowace kusurwa. "Kun ga abin mamakin da na ɓoye muku? Kafin furanni, kafin taurari, na ce sai na nuna wa garin nan hasken da ya fi su duka. Ku taya ni murna, wannan da kuke gani ita ce amaryata!"

Tafi ya ɓarke. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Dogo ya ci gaba da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Ya haye matakalar yana barin baƙin sawu a kowane taki. Ya ratsa falon bai ga kowa ba, ya faɗa baranda, ya damƙi babbar wayar ya fizge ta daga soket. Fuskar ta ɓace. Dandali ya yi ihun haushi, kamar yaran da aka ƙwace wa alewa.

Ya tsaya yana haki, wayar a hannunsa.

Sai turaren ya iso, kafin mai shi.

"Kai, ƙanena, me ya sa ka kashe?" Manaja ya jawo labule ya rufe su, ya dafa kafaɗarsa da hannu mai gumi. Ya rage murya. "Saurara. Ban san inda ka samo hoton nan ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma ka yi min aikin da na daɗe ina fama ban iya ba. Yanzu tsohon nan ba shi da yadda zai yi. Duk gari ya ji tawa ce, wa kuma zai zo ya nema? Kai dai ka ja bakinka ka yi shiru. Duk bikin da za mu yi nan gaba, wuta taka ce. Zan ma buɗe maka naka shagon." Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Kuma ka turo min hoton. In akwai wasu irinsa, har su."

Dogo ya dubi hannun da ke kafaɗarsa har sai da mai shi ya janye.

Suka fito falo.

Baba na tsaye a tsakiyar ɗakin. Ya cire gilashin idonsa, ya riƙe shi a hannu. Yaya na jingine da ƙofar ɗakin Auta. Ƙofar a rufe take, amma ana jin kukan da ke bayanta, irin wanda ake toshewa da matashi.

"Wa ya rataye min 'ya a bango?" in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Manaja ya durƙusa har ƙasa, wandonsa na neman yagewa. "Baba, a yi min afuwa, zumuɗi ne irin na masoya. Na so in girmama ta ne. Ai ka ji yadda gari ya ɗauka."

"Hoton fa? A ina ka samu?"

"Ita ta ba ni, Baba. Ka san yaran yanzu. Mun ɗan saba a waya."

Kukan bayan ƙofa ya tsaya cak.

Dogo ya ga hanyoyin biyu a gabansa, ba mai kyau. In ya yi shiru, Auta ta zama yarinyar da ke tura wa maza hotonta ba mayafi, kuma ta zama ta wannan mutumin. In ya yi magana, ya zama shi ne ya tona ta, ya zama maƙaryaci a wurin wadda ba ta taɓa duba wayarsa ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ya durƙusa. Ruwan kwata na ɗiga daga wandonsa kan dardumar Baba.

"Baba, ƙarya yake. Ni ne."

Manaja ya zabura. "Kai, yaro, ka san abin da kake..."

"Ni na ɗauke ta, ba da saninta ba. Ta ce in goge, na ce na goge. Ban goge ba. Da hoton nake gwada launi. Yau na sa, rana ta hana ni gani, na manta." Ya sunkuyar da kai. "Ba ta ba kowa komai ba."

Baba ya dube shi.

"Na san kai ne," ya ce. "Tun da na ga dariyar. Wancan watanni yana zaune min a kujera, ban taɓa ganin haƙorinta ba."

Manaja ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To, Baba, ko ma wa ya ɗauka, ai bakin alƙalami ya bushe. Na riga na faɗa a gaban jama'a. Don mutuncinta ma, gara a..."

"Mutuncinta." Baba ya juyo gare shi gaba ɗaya. "Ka ga 'yata a tsirara a gaban gari, ba ka ce a kashe ba, makirfo ka nema. Sannan ka shigo ɗakina, ka durƙusa, ka yi mata ƙazafi tana ji. Sauka."

"Baba, ka yi tunani. Wa zai aure ta bayan..."

"Yaya, buɗe masa ƙofa. Ki buɗe tagogin ma."

Manaja ya tsaya ya dubi kowa, ya gyara wuyan rigarsa, ya yi tsaki. A bakin matakala ya juyo ya nuna Dogo da makullin mota. "Kai kuma, ka gama taɓa waya a garin nan." Ya sauka yana tsallake baƙaƙen sawun.

Baba ya zauna a hankali, kamar wanda ya tsufa a yinin nan.

"Na hana ka ita don kada ka mai da min ita kamar wannan." Ya nuna Yaya da haɓa. "Ina tsoron ranar da za a sauko da kai da igiya. Ban san kai da ranka za ka yi mata wannan ba. Ni da nake gadin ƙofar gaba, ashe ɓarnar ta taga za ta shigo, kuma ni na ba da aron tagar."

"Baba, ka yafe..."

"Ba ni ka yi wa ba." Ya murza idanunsa. "Na gaji. Na zaɓa wa ɗaya, ga ta nan. Na tsare ɗaya, ga abin da ya faru. Rantsuwata zan yi kaffararta. Na janye hannuna. Ga ƙofarta can, je ka tambaye ta. In ta ce kai, kai ne."

Dogo ya ɗago, bai yarda da kunnensa ba. Maganar da ya yi shekara yana roƙon Allah ya ji, yau ta fito, a daren da ba ya iya ko ɗaga ido.

Yaya ta matsa daga jikin ƙofar. Da zai wuce ta ce masa a hankali, "Da ka wanke ƙafar tukuna." Bai tsaya ba.

Ya ƙwanƙwasa.

"Auta."

Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Auta, kin ji abin da Baba ya ce."

Sakata ta motsa. Ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu. Ta naɗe kanta da mayafi har goshi, har haɓa, idanun sun kumbura sun yi ja. A bayanta, a kan gado, wayarta na ta haske tana kaɗawa, saƙo na bin saƙo.

"Na ji," ta ce. Muryarta ta dushe. "Na ji komai."

"Kuskure ne. Wallahi ban..."

"Na san mantuwa ce. Ba ita ke ci na ba." Ta dube shi daga sama har ƙasa, har ƙafar da ba takalmi, ta ɗan ja baya. "Ɗazu ina tsaye a nan ina yabon ka. Ina kuka, ina ce maka na san ka. Hannunka na kan me a lokacin?"

Ya kawar da kai.

"Na tambaye ka me kake ɓoyewa, ka ce aiki. Kana kallon idona."

"Na so in faɗa miki."

"Amma aka kira ka." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ka san me na gani ta tagar nan? Na ga malamin da ya koyar da ni a makaranta yana ɗaga waya. Na ga mai shagon da nake saye a wurinsa kullum yana lasar baki. Na ga wani yana fitsari a wuyana, Dogo. Dariyar nan kai kaɗai na yi wa. Yanzu ko na tuna ta sai in ji kamar in yi amai."

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya lalubo wayarsa, ya buɗe, ya juya mata fuskar don ta gani.

"Ga shi. Duba. Na goge. Na kwamfutar ma yanzu zan goge, a gabanki. In kin ce in bar wutar, na bari. Yau ɗin nan. Ai an ma kore ni."

"Yanzu za ka bari."

"Auta, don Allah. Baba ya yarda. Abin da muke nema ke nan."

Ta dubi wayar da ke hannunsa. Daga dandali ihu na tasowa, jama'a na buga ƙafa suna cewa a kunna, a kunna, a dawo da amarya. Maigida na ƙasan bene yana ƙwala kiran Dogo kamar maƙogwaronsa zai tsage.

"Naka guda ɗaya ne," ta ce. "Ka ji su can? Kowanne da nasa a aljihu. Je ka bi su ɗaya-ɗaya ka goge. Ranar da ka gama, ka zo ka tambaye ni."

Ta tura ƙofar. Ya ji shigar sakata.